Garin da Muka Gina a Kan Tabarma

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce shekarar da na fara ganin mahaifina da rana tsaka. Kafin nan Baba mutumin asuba ne da bayan magariba. Wake da albasa yake saye a ƙauyukan Tozai da Araba, ya loda a mota ya tsallaka da su Ƙonni, ya dawo da dabino da kanwa. Mun fi ganin rigarsa a igiyar shanya fiye da shi kansa. Ni kuwa a lokacin na gama sakandare ke nan, ina zaune gida ina jiran sakamako, ina taya Inna ɗinki.

Da aka rufe hanya, sai ga Baba a tsakar gida tun hantsi, ba ya da wurin zuwa. Mutumin da ya saba da hayaniyar tasha bai iya zama ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya sauya wa randa wuri, Inna ta mayar da ita, ya sake sauyawa. Wata rana har ya tsaya a kan keken ɗinki yana gaya wa Inna cewa zaren da ta sa bai dace da atamfar ba.

Inna ta ɗaga ƙafarta daga keken ta dube shi. "Malam, don Allah ka samu abin yi. In ba haka ba ni ka tahiya Ƙonni da ƙasa, in bar maka keken."

Ranar ce ta tuna da akwatin. Tun kafin rufewar ta sayi dilar gwanjo ta labule da zannuwan gado, a ƙasan dilar kuwa aka tarar da wani akwatin kwali da ya ɗan lotsa. Ta jefa shi saman sif ta manta. Ta ce in ɗauko in ba Baba, ko ya samu abin da zai gyara.

Cikin akwatin 'yan alluna ne na kwali mai kauri, masu kusurwa huɗu, kowanne bai kai tafin hannuna ba. Bayansu iri ɗaya, amma gabansu kowanne da zanensa: wani hanya ce ta ratsa fili kore, wani guntun ganuwa ne da rufin gidaje a ciki, wani mararraba, wani kuma ciyawa zalla. Rubutun murfin na Faransanci ne, Faransancin Baba kuwa bai wuce na ciniki da gaisuwa ba. Babu takardar bayani a ciki. Sai hoton da ke bayan akwatin, inda aka jera allunan suka zama kamar ƙasa an hango ta daga sama.

Baba ya juya su ya juya, ya ce wasan yara ne. Inna ce ta gane. Ta ɗauki biyu ta haɗa bakinsu, kamar yadda take haɗa zanen atamfa a wurin ɗinki don kada fure ya yanke.

"Ka gani? Hanya ta bi hanya, ganuwa ta bi ganuwa, kore ya bi kore. In ba su hau ba, ba a ajewa."

Daga nan muka ƙirƙiro sauran dokokin da kanmu. Inna ta ɗinka jaka da ragowar yadi muka zuba allunan. Kowa in layinsa ya zo, sai ya zura hannu bai duba ba, abin da Allah ya ba shi ya ɗauko, ya nemi inda zai hau. Idan ya aje, yana iya ɗora alamarsa a kan hanya ko a cikin gari, wato ya kama wurin. Duk lokacin da ganuwa ta zagaye garin ta rufe, ko hanya ta kai ƙarshenta, mai alamar ya kwashi tsakuwa daidai yawan allunan da ke ciki. Wanda kwanonsa ya fi tsakuwa idan jaka ta ƙare, shi ya ci. Alamun da suka zo da wasan sun ɓace a hanya, sai muka shiga madafa. Baba ya ɗauki ƙwallon dabino, Inna masara, ni gyaɗa. Muka sa wa wasan suna Gina-gari.

Cikin mako guda Baba ya daina taɓa randa. Da an sallame la'asar za ka ji takunsa da sauri daga masallaci, yana tambaya tun daga zaure ko an shimfiɗa tabarma. A ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu muke zama.

A kan tabarmar nan na san halin iyayena fiye da duk shekarun da na yi da su. Baba ba ya son ƙaramin abu. Da ya samu guntun ganuwa sai ya fara gina birni, yana faɗaɗa shi hagu da dama, yana ƙirga a ransa wane allo ne ya saura a jaka. Yakan yi ta shafa gemu har Inna ta tashi ta duba tukunya ta dawo bai aje ba. Birninsa yakan cinye rabin tabarma, kuma sau da yawa jaka takan ƙare ganuwar ba ta rufe ba, ya tashi da kwano fayau. Inna kuwa alluna biyu sun ishe ta gari. Ta rufe, ta kwashi tsakuwarta, ta kama wata 'yar hanya, ta sake rufewa. Ba ta tunani mai tsawo, kuma hannunta yana da sa'a ta ban haushi. Allon da Baba ya yi rabin awa yana addu'ar samu, ita za ta zaro shi, ta dube shi, ta dubi Baba, ta kai shi can wani lungu inda ba ya amfanar kowa.

"Wanga zalunci na!" in ji Baba. "Kin san shi nika jira."

"Yo ni na sa ka gina Sakkwato? Ka gina ɗan ƙauye kamar Kalmalo mana, ka huta."

Ni aikina ɓarna ne. Na gano cewa idan na karkato hanya ta nufi gefen birnin Baba, sai ramin da ya saura ya zama mai wuyar cikewa, don sai an samu allon da ke da ganuwa a gefe guda da hanya a ɗaya gefen. Ranar da ya fara gane abin da nake yi, ya daɗe yana kallona, sannan ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce da ya san haka kaina yake, da tuni ya tafi da ni kasuwa.

Akwai mutum na huɗu a gidan, wato Kaka, mahaifiyar Baba. Bafulatana ce, a rugar da ke bayan Araba ta tashi, kuma har tsufanta ba ta bar kunyar ɗan fari ba. Baba ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Idan ya shigo ta wannan gefe, ita takan bi ta wancan. Idan tana da magana da shi, ni take kira, ko da yana tsaye a gabanta: "Ce ma wancan rufin ɗakina na yoyo." Ni kuma in juya in maimaita, shi kuma ya amsa mini. Haka na tashi na tarar, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Da farko Kaka ba ta yarda da wasan ba. Daga ƙofar ɗakinta ta aiko ni in tambayi wancan ko zaman banza ya kai shi ga buɗe gidan caca. Baba ya ce in gaya mata ba kuɗi a ciki, tsakuwa ce, kuma da an gama ake mayar da ita inda aka kwaso. Ta ce to. Amma kullum kujerarta 'yar tsugunno tana ƙara matsowa. Yau tana bakin ɗaki, gobe tana wajen turmi, jibi tana tsinke zogale a inuwar da muke. Wata rana na aje allo, sai na ji ta a bayana ta yi tsaki.

"Ke ba ki da ido? Ga inda za shi hau can."

Inna ta matsa gefe ta buɗe mata wuri. Kaka ta yi kamar ba ta gani ba. Can ta ce ƙafarta ce ke ciwo, tabarma ta fi mata kujera. Ta zauna a gefena, ta ba Baba kafaɗa, ta aike ni in ɗebo mata farin wake.

Kaka ba ta kama gari, ba ta kama hanya. Duk allon da ta zaro, in dai da kore a jikinsa, a kan koren take ɗora wakenta. Na yi mata bayani cewa ciyawa ba ta kawo tsakuwa, gari da hanya ne kaɗai ke kawowa.

"Mi zan yi da gari?" ta ce. "Waɗanga shanuna na. Ina kika taɓa ganin an kai shanu cikin ganuwa?"

Haka take yi kullum. Tana lura da inda kore ya haɗu da kore, tana buɗe wa shanunta hanya su zagaya bayan garuruwan Inna, tana jin haushi idan titi ya raba mata makiyaya biyu. Wasa ya ƙare, kowa ya ƙirga tsakuwarsa, kwanonta ba ko ɗaya, ta tattara wakenta tana murna kamar ita ta ci. Har suna ta ba wasu daga ciki. Akwai wata ƙwaya mai baƙin ido da take kira da sunan wata saniya da ta yi kiwo tana yarinya, kuma ita take fara ajewa.

Ranar da kazar Inna ta faɗo tsakiyar tabarma ba zan manta ba. Damina ta fara, iska mai sanyi na kaɗawa, Baba ya kusa rufe wani birni da ya yi tun farkon wasa yana gini. Kazar ta diro daga kan katanga, ta watsa alluna, ta tsince masarar Inna da gyaɗata, ta haɗiye shanun Kaka guda biyu kafin a kore ta. Ƙwallon dabinon Baba kaɗai ne ba ta taɓa ba, don ya fi ƙarfinta. Baba ya miƙe yana rantsuwa cewa tunda alamarsa ce kaɗai ta tsira, shi ya ci. Inna ta ce ai birnin ma ya rushe, sarkin kango ne. Kaka tana riƙe da ciki tana dariya, hawaye na zuba, har ta manta kanta ta juya ta dubi Baba kai tsaye.

"Kai dai tun kana yaro ba ka son a ci ka!"

Kowa ya juyo ya dube ta. Ita kanta sai da maganar ta fita ta ji abin da ta yi. Ta ja mayafi ta rufe baki. Baba, mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar an ba yaro alewa, ya durƙusa yana tattara alluna. Inna ta tashi wai za ta kama kazar. Ni ce na rasa inda zan sa idona, don a karo na farko Kaka ta yi wa Baba magana ba a bi ta kaina ba.

Ba wai daga ranar ta daina kunyarsa ba. Da an naɗe tabarma, wancan yake komawa. Amma a kan tabarma takan ce masa, "Aje mana, ka tsai da mutane," shi kuma, da yake Inna yake kiran mahaifiyarsa, ya ce, "To, Inna, ga shi nan," muryarsa ƙasa-ƙasa.

Haka muka ci damina, muka ci lokacin kaka, muka shiga wata shekarar. Ba zan ce lokacin ba wuya ba. Nama ya yi nisa da tukunyarmu, keken Inna ne ya riƙe gidan, kuma nakan ga Baba da safe ya zauna da rediyo a kunne yana jiran labarin da bai zo ba. Amma la'asar tamu ce.

Da aka sassauta hanya, baƙonmu na farko Kawu ne, ƙanen Inna, wanda ke koyarwa a wata makaranta a Ƙonni. Ya zo da burodi dogo irin nasu da kwalin shayi, aka yi ta murna. Bayan la'asar ya ga an shimfiɗa tabarma an ɗauko jaka, ya leƙa, ya tafa hannu.

"A'a! Ina kunka samu wanga? Mun yi shi sosai a Yamai, gidan wani abokina."

Baba ya gyara zama, ya ce to yau za a ga ko ilimin Yamai zai yi aiki a garinmu Illela. Aka ba Kawu tsaba ta dawa. Ya yi mamakin yadda muka gano yawancin dokokin ba wanda ya koya mana, ya gyara mana ƙanana guda biyu, muka karɓi ɗaya muka ƙi ɗaya. Wasa ya yi zafi. A ranar, abin da ba a saba gani ba ya faru: Baba ya zura hannu ya zaro daidai allon da yake nema, ya rufe wani ƙaton birni. Ya miƙe tsaye ya zagaya dogon yaro, ya dawo ya cika kwanonsa da tsakuwa yana zuba su ɗaya-ɗaya don kowa ya ji ƙararsu.

Jaka ta ƙare. Baba ya miƙa hannu zai karɓi gaisuwa, Kaka kuma ta fara tattara wakenta kamar kullum. Kawu ya tare hannunta da ladabi.

"Hajiya, dakata tukuna. Ba a ƙirga naki ba."

"Nawa mi? Ni ba a ƙirga mani."

Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ba ku ƙirga fili?"

Muka ce wane fili.

Ya yi bayani. A ƙarshen wasa, duk wanda ke da alama a kan kore, ana duba garuruwan da aka gama waɗanda koren nan ya taɓa ganuwarsu. Kowane gari sai ya biya mai filin, don filin ne ke ciyar da shi. Ya sa yatsa ya bi makiyayar Kaka. Ta faro daga gefen tabarma, ta zagaya bayan ƙananan garuruwan Inna kaf, ta ratsa ta gefen nawa, ta je ta rungume ƙaton birnin Baba. Kowane gari ya taɓa, sai ya ɗebi tsakuwa ya zuba a kwanon Kaka. Kwanon da bai taɓa jin nauyin komai ba ya cika, har sai da na je bakin rariya na ƙaro tsakuwa.

Inna ce ta fara dariya, irin wadda ba sauti sai girgizar kafaɗa. Baba ya kalli kwanonsa, ya kalli na Kaka.

"Tsaya," ya ce wa Kawu. "Kana nufin dud da wanga birni nawa..."

"Ta ci ka, Yaya. Kuma in haka take wasa kullum, to ta daɗe tana cin ku."

Baba ya ce wannan dokar Faransa ce, nan kuwa Nijeriya ne, ba ta tsallako iyaka ba. Kawu ya ce ai an buɗe iyaka. Inna ta faɗi a kafaɗata don dariya. Kaka dai ba ta yi dariya ba. Ta jawo kwanon gabanta, ta zura yatsu cikin tsakuwar tana juyawa, fuskarta a ɗaure kamar mai karɓar haraji. Sannan ta juyo gare ni.

"Ce ma wancan, na yahe mashi na baya. Amma daga yau a riƙa biya."

Har maƙwabta sai da suka aiko a ji ko lafiya, saboda ihun da muka yi.

An karɓi dokar, amma ta ɓata wa Kaka jin daɗinta. Washegari kowa ya zama makiyayi. Baba ya bar gina birane ya koma zuba ƙwallon dabino a kan ciyawa, Inna ta bi, ni ma na bi. Aka rasa mai gina garin da za a ciyar. Tabarma ta cika da kore da hanyoyi da guntayen ganuwa da ba mai rufewa, aka tashi kowa kwanonsa kusan wayam. Kaka ta jure kwana biyu. A na uku ta zaro allo mai ganuwa, ta daɗe tana dubansa, ta ɗauki ƙwayar nan mai baƙin ido ta dangwara ta a tsakiyar rufin gidaje.

Na ce, "Kaka, shanu cikin ganuwa?"

"Daji ya cika da baƙi," ta ce. "Na sayar, na koma birni."

Ba ta iya birni ba ko kaɗan. Ta sha kaye ranar, ta sha washegari, tana zargin jakar Inna da son kai.

Ba a daɗe ba Baba ya koma kan hanya, ni kuma sakamako ya fito na tafi karatu Sakkwato. Na ɗauka wasan zai koma saman sif. Da na dawo hutun farko, na sauka a tasha da rana, na shigo gida ana kiran la'asar. Na tarar da mata uku na unguwarmu a kan tabarma tare da Inna da Kaka, an ƙaro alamomi da 'ya'yan tsamiya da maɓallan riga, allunan sun yi laushi har Inna ta liƙe bayan wasu da yadi. Ban gama gaisawa ba na ji mota ta tsaya a waje. Baba ya shigo da ƙurar Ƙonni a ƙafafunsa, ya ce wa direba a bar sauke kaya sai an jima. Ganin baƙi mata ya sa ya tsaya daga zaure, ya yi sallama, ya tambaya da ƙarfi ko sun kusa gamawa.

Inna ta ce yanzu aka fara. Ya ce to zai je masallaci ya dawo, kada a naɗe tabarmar. Ni kuma na ajiye jakata a bakin ɗaki, na shiga madafa neman gyaɗa.